Johannes Kepler (1571–1630): Malamin da ya Gano Siffar Hanyar Duniya a Kewayen Rana

1.0 Gabatarwa

A farkon watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, duk wanda ya fito da sassafe a Jushi ko Samaru ko Sabon Garin Zariya zai tarar da mutane sun kewaye wutar mai shayi, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi. Idan aka tambayi ɗalibi dalilin wannan sanyi, amsar da ta fi saurin zuwa bakinsa ita ce rana ta yi nisa da duniya. Amsa ce mai kama da gaskiya, domin an san wanda ya matsa kusa da murhu ya fi jin ɗumi. Sai dai awon masana ya nuna akasin haka. A makon farko na Janairu ne duniya take kusantar rana fiye da kowane lokaci a shekara, inda tazarar da ke tsakaninsu takan kasance kimanin kilomita miliyan 147. A makon farko na Yuli kuwa, ana tsakiyar damina, tazarar takan kai kimanin kilomita miliyan 152.

Mutumin da ya fara gano ainihin siffar hanyar da ke haifar da wannan kusanci da nisa shi ne Johannes Kepler, wani Bajamushe wanda ya soma aikinsa a matsayin malamin makaranta. Wannan babi zai kawo tarihin rayuwarsa da yadda ya kai ga bincikensa. A cikin bayanin, kalmar falaki tana nufin hanyar da duniya take bi wajen kewaya rana. Kalmar duniyoyi kuma tana nufin taurarin nan masu tafiya, waɗanda malaman ƙasar Hausa suka sani da sunayensu na Larabci: Uɗaridu da Zahara da Mirrihu da Mushtari da Zuhalu, tare da duniyar da ɗan'Adam yake zaune a kanta.

2.0 Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Kepler ranar 27 ga Disamba, 1571, a wani ƙaramin gari mai suna Weil der Stadt, kusa da birnin Stuttgart a kudancin Jamus ta yau. Kakansa ya taɓa riƙe shugabancin garin, amma kafin zuwan Kepler duniya arzikin gidan ya ja baya. Mahaifinsa, Heinrich, sojan haya ne wanda yakan tafi yaƙi ya daɗe bai waiwayi gida ba, daga ƙarshe ma ya yi tafiyar da ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mahaifiyarsa, Katharina, 'yar mai masaukin baƙi ce, kuma ta san magungunan itatuwa da saiwoyi.

Kepler bakwaini ne, ya kuma tashi da raunin jiki. Yana ƙarami ciwon agana ya kama shi, ya bar masa raunin gani da na hannuwa har ƙarshen rayuwarsa. Ke nan mutumin da zai bayyana wa duniya tafiyar taurari bai taɓa samun ƙarfin idon da zai auna su da kansa yadda ya kamata ba. Duk da haka, abubuwa biyu sun tsaya masa a rai tun yana yaro. A 1577 mahaifiyarsa ta kai shi kan tudu ya ga tauraruwa mai wutsiya, sannan a 1580 aka fito da shi waje da dare ya ga husufin wata.

3.0 Karatunsa

Karatunsa na farko ya yi ta yankewa saboda ayyukan gida, amma malamansa sun lura da kaifin basirarsa. A wancan zamani masarautar Württemberg tana ɗaukar nauyin karatun yara masu hazaƙa daga gidajen da ba su da hali, domin ta samu limaman coci da malaman makaranta. Ta wannan hanya Kepler ya shiga makarantar Adelberg a 1584, ya wuce ta Maulbronn a 1586, sannan ya isa Jami'ar Tübingen a 1589. Burinsa shi ne ya zama limami a ɗariƙar Furotesta ta mabiya Luther.

A Tübingen ya haɗu da Michael Maestlin, malamin lissafi da ilmin taurari. A aji, Maestlin yana koyar da tsohon ra'ayi wanda ya ce duniya tana tsaye a tsakiya, rana da sauran taurari suna kewaya ta. Amma ga ɗalibansa na kusa yakan bayyana ra'ayin Nicolaus Copernicus, masanin ƙasar Polan, wanda littafinsa na 1543 ya ce rana ce a tsakiya, duniya kuwa ɗaya ce daga cikin masu kewaya ta. Kepler ya karɓi wannan ra'ayi hannu bibbiyu, bai kuma sake shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

4.0 Koyarwarsa a Graz

Saura kaɗan ya kammala karatun addini sai aka nemi malamin lissafi a makarantar Furotesta da ke Graz, a ƙasar Ostiriya, hukumar jami'a kuma ta ba da sunansa. Ya kama aiki a watan Afrilu, 1594, yana da shekara 22. Koyarwar ba ta zo masa da sauƙi ba. Tunaninsa yana gudu fiye da harshensa, yakan bar batun da yake kai ya shiga wani, ɗalibai su kasa bin sa. A shekarar farko 'yan ƙalilan ne suka halarci darasinsa na lissafi, a ta biyu kuwa ajin ya watse. Hukumar makaranta ba ta kore shi ba, sai ta ƙara masa wasu darussa na adabi da balaga. Cikin aikinsa har da shirya kalandar shekara mai ɗauke da hasashen yanayi da al'amuran ƙasa, domin a lokacin ba a gama raba ilmin taurari da duba ba.

A cikin wannan aji ne, ranar 19 ga Yuli, 1595, yana zane a allo, wani tunani ya faɗo masa. Duniyoyin da aka sani a lokacin shida ne, masana lissafi kuma sun tabbatar da cewa daidaitattun siffofi masu fuskoki iri ɗaya, kamar akwatin da fuskokinsa shida suke daidai wa daida, guda biyar ne kacal. Sai ya ɗauka cewa an jera waɗannan siffofi biyar ne a tsakanin falakai shida, su ne kuma suka ƙayyade nisan kowace duniya daga rana. Ya wallafa wannan ra'ayi a 1596 cikin littafinsa na farko, Mysterium Cosmographicum, wato asirin tsarin halitta. Ra'ayin kuskure ne, amma littafin ya fito da sunansa, ya kuma aika wa manyan masana kwafinsa, ciki har da Galileo na Italiya da Tycho Brahe na Denmak.

A 1597 ya auri Barbara Müller. 'Ya'yansu biyu na farko sun rasu suna jarirai. Ana cikin haka sai rikicin addini ya taso a Graz, mahukunta mabiya Katolika suka soma korar malaman Furotesta a 1598. A watan Agusta, 1600, aka ba Kepler zaɓi tsakanin sauya ɗariƙa da barin gari. Ya zaɓi barin gari.

5.0 Matsalar da ya Tarar

Tun kafin Kepler da ƙarnoni masu yawa masana sun lura cewa tafiyar rana a sararin sama ba ɗaya take ba a duk shekara. Hipparchus, masanin Girka wanda ya rayu fiye da shekara ɗari kafin haihuwar Annabi Isa, ya auna ya ga cewa zangunan shekara huɗu ba su da yawan kwanaki ɗaya. Batlamiyus na Iskandariya, wanda Turawa suke kira Ptolemy, ya bi sawunsa wajen bayyana haka da cewa rana tana tafiya a kan da'ira, amma duniya ta ɗan goce daga tsakiyar da'irar. Masana Musulmi sun gaji wannan ilmi sun kuma gyara shi. Sun kira wurin da rana ta fi nisa auju, wurin da ta fi kusa kuma haliilu. Al-Battani, wanda ya yi awonsa a garin Raƙƙa na ƙasar Sham ya kuma rasu a 929, ya nuna cewa wurin aujun rana ya gusa daga inda Batlamiyus ya ajiye shi, Copernicus ma ya ambaci sunansa a littafinsa. Wannan ilmi na falaki ya iso ƙasar Hausa ta hanyar littattafan Larabci, har ƙasar ta fitar da masana irin su Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu kan lissafi da taurari ya kuma rasu a Alƙahira a 1741.

Abin da ya haɗa Batlamiyus da al-Battani da Copernicus shi ne imani da da'ira. Kusan shekara dubu biyu ana ɗauka cewa abin da ke sama ba zai bi wata hanya ba face cikakkiyar da'ira, domin ita ce siffar da ba ta da aibi. Duk lokacin da awo ya saɓa wa lissafi, sai a ɗora ƙaramar da'ira a kan babba don a cike giɓin. Kepler ma da wannan imani ya tashi.

6.0 Zamansa da Tycho Brahe

Tycho Brahe basarake ne mai dukiya, wanda ya shafe kimanin shekara ashirin a tsibirin Hven yana auna matsayin taurari dare bayan dare. Ba a ƙirƙiro madubin hangen nesa ba tukuna, da ido da manyan kayan awo ya yi aikinsa, amma babu wanda ya taɓa kai shi daidaito. Bayan ya saɓa da sarkin Denmak sai ya koma ƙarƙashin Sarki Rudolf na Biyu a birnin Prague. Kepler ya same shi a watan Fabrairu, 1600, a fadar Benátky da ke wajen birnin.

Kowannensu yana da abin da ɗayan ya rasa. Tycho yana da awo, Kepler yana da lissafi. Sai dai zaman bai yi daɗi ba, domin Tycho yana rowar bayanansa, sai ya ga dama yake gutsura wa Kepler kaɗan, har suka yi cacar baki kafin a sasanta su. Aikin da Tycho ya danƙa masa shi ne na Mirrihu, jan tauraron da Turawa suke kira Mars, wanda lissafinsa ya gagari mataimakan Tycho. Ranar 24 ga Oktoba, 1601, Tycho ya rasu, bayan kwana biyu kuma aka naɗa Kepler masanin lissafi na fadar sarki. Littattafan awon suka dawo hannunsa, ko da yake magadan Tycho sun daɗe suna ja-in-ja da shi a kansu.

7.0 Daƙiƙa Takwas

Wahalar aikin ita ce mai awon yana kan duniya mai tafiya, abin da yake aunawa shi ma yana tafiya. Kepler ya warware wannan da wata dabara. Mirrihu yana kammala kewayensa cikin kwana 687, saboda haka duk bayan kwana 687 yana komawa wuri ɗaya, alhali duniya tana wani wuri dabam. Sai ya tsamo awon da Tycho ya yi a ranakun da ke da wannan tazara, ya mai da Mirrihu da rana alamomi biyu tsayayyu. Kamar dai matafiyi ne a karkarar Zariya da yake duban Dutsen Kufena da wata doguwar hasumiya, ya gane inda yake ta kusurwar da ke tsakaninsu. Da haka ya fitar da falakin duniya, ya kuma ga cewa tana ƙara sauri idan ta kusanci rana, tana rage shi idan ta yi nisa.

Daga nan ya koma kan falakin Mirrihu. Ya ɗauka da'ira ce, ya yi ta maimaita wani dogon lissafi da hannu har kusan sau saba'in, sannan ya samu tsarin da ya dace da mafi yawan awon. Amma da ya gwada shi da sauran awon, sai ya ga saɓanin daƙiƙa takwas. Daƙiƙa a nan ma'aunin kusurwa ce, wato kashi ɗaya cikin sittin na digiri. Faɗin cikakken wata a sama kimanin daƙiƙa talatin ne, ke nan saɓanin bai wuce rubu'in faɗin wata ba sai da kaɗan. Masanan da suka gabata da sun yi murna da irin wannan sakamako, domin kuskuren awonsu yakan kai daƙiƙa goma. Amma Kepler ya san kuskuren Tycho ba ya wuce daƙiƙa biyu. Hanya biyu ce a gabansa: ya ɗora laifin a kan awon mamaci wanda ba zai iya kare kansa ba, ko ya yarda cewa aikinsa na shekaru da imanin magabata su ne da gyara. Ya ɗauki ta biyu, ya ajiye da'ira.

Ya gwada siffar ƙwai, mai faɗi a gefe ɗaya da tsini a ɗayan, ita ma ta ƙi. Sai a farkon 1605 ya tabbatar da cewa falakin miƙaƙƙiyar da'ira ne, siffar da masana lissafin Girka suka daɗe da sani amma ba wanda ya kai ta sama. Littafin da ya ƙunshi wannan bincike, Astronomia Nova, wato sabon ilmin taurari, bai fito ba sai a 1609 saboda rashin kuɗi da rigimar magada. A cikinsa Kepler bai ɓoye kurakuransa ba, ya jera hanyoyin da ya bi suka ɓace da shi kafin ya kawo wadda ta kai shi gida.

8.0 Ƙa'idojinsa Uku

Ƙa'ida ta farko ta ce kowace duniya tana kewaya rana a kan miƙaƙƙiyar da'ira, rana kuma tana zaune a ɗaya daga cikin cibiyoyinta biyu. Ana iya nuna wannan a filin makaranta. Akuyar da aka ɗaure a turke ɗaya, idan ta ja igiya ta kewaya, da'ira take zanawa. Idan kuwa aka kafa turaku biyu, aka zura musu igiyar da aka ƙulle bakinta, aka ja ta da tsinke ana zane a ƙasa, abin da zai fito shi ne miƙaƙƙiyar da'ira, turakun kuma su ne cibiyoyinta. Tunda rana tana wurin turke ɗaya ne, dole mai kewayawa ya kusance ta a wani lokaci ya kuma nisance ta a wani. Gwargwadon nisan turakun da juna, gwargwadon miƙewar siffar.

Miƙewar falakin duniya kaɗan ce ƙwarai. Da za a zana shi da faɗin mita ɗaya, ido ba zai bambanta shi da da'ira ba, sai dai a ga rana ta goce daga tsakiya da abin da bai kai santimita ɗaya ba. Na Mirrihu ya fi miƙewa, domin nisansa daga rana yana sauyawa tsakanin kilomita miliyan 207 da miliyan 249. Na Uɗaridu ya fi duka, daga miliyan 46 zuwa miliyan 70, amma yana da wuyar gani saboda kusancinsa da rana. Da Zahara aka ba Kepler, wadda falakinta ya kusa zama cikakkiyar da'ira, da saɓanin bai fito fili ba.

Ƙa'ida ta biyu ta ce layin da ya haɗa rana da duniya yana share fili mai girma ɗaya a cikin lokaci mai tsawo ɗaya. Misalinsa manomi ne da yake nome fili mai girma ɗaya kowace rana: inda kunyoyi suke gajeru yakan tsallaka da yawa, inda suke dogaye yakan tsallaka kaɗan. Haka duniya take. A Janairu tana tafiyar kimanin kilomita 30.3 a kowace sakan, a Yuli kuma 29.3. Wannan ne dalilin da ya sa daga daidaituwar dare da rana ta watan Maris zuwa ta Satumba ake samun kimanin kwana 186, amma daga ta Satumba zuwa ta Maris kwana 179 ne. Abin da Hipparchus ya auna ke nan bai san sababinsa ba.

Ƙa'ida ta uku ta zo masa ne ranar 15 ga Mayu, 1618, ta kuma fito a littafinsa Harmonices Mundi a 1619. Ta danganta tsawon shekarar kowace duniya da matsakaicin nisanta daga rana. Idan aka ɗauki nisan duniya da shekararta a matsayin ma'auni, Mushtari yana da nisa 5.2 da shekara 11.86. Idan aka ninka 11.86 da kanta, aka kuma ninka 5.2 da kanta sau uku, wato 5.2 sau 5.2 sau 5.2, amsoshin biyu duka suna faɗawa kusa da 141. Haka abin yake ga kowace duniya.

9.0 Hunturu da Nisan Rana

Tambayar da aka buɗe babin da ita tana nan: me ya sa ake sanyi a Zariya lokacin da rana ta fi kusa? Bambancin kilomita miliyan biyar kashi uku ne kawai cikin ɗari na tazarar, hasken da duniya take samu a Janairu kuma ya ɗara na Yuli da kimanin kashi bakwai cikin ɗari. Akwai abin da ya fi wannan tasiri nesa ba kusa ba, shi ne karkatar duniya. Duniya tana juyawa ne a karkace da kimanin digiri 23.4, saboda haka a Disamba da Janairu ɓangaren arewa yana kauce wa rana, haskenta yana sauka a gicciye. Zariya tana kimanin digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa a wannan lokaci inuwar tsakar rana take miƙewa arewa. Ga kuma busasshiyar iskar da take kaɗowa daga Sahara ɗauke da ƙura: ƙurar tana tare hasken rana, rashin laima kuma yana barin zafin ƙasa ya tsere da dare. A watan Afrilu rana takan tsaya bisa kai, ga shi ruwa bai sauka sosai ba, sai zafin bazara ya tsananta. Hujja mafi sauƙi ita ce, a watan Janairun da ake rawar ɗari a Samaru, a Afirka ta Kudu da Ostireliya tsakiyar lokacin zafi ake, alhali nisan rana ɗaya ne ga kowa.

10.0 Jarrabawar Rayuwa

Shekarar 1611 ta zo wa Kepler da baƙin ciki. Agana ta kashe ɗansa Friedrich mai shekara shida, matarsa Barbara ta bi bayansa, Sarki Rudolf kuma ya rasa gadon sarautar Bohemiya, ya rasu a farkon 1612. Kepler ya koma Linz a matsayin masanin lissafi na lardi da malamin makaranta, ya kuma auri Susanna Reuttinger a 1613. A can limaman ɗariƙarsa suka hana shi shiga wani rukunin ibada saboda ya ƙi sa hannu a kan aƙidar da bai gamsu da wani sashe nata ba. Mutumin da Katolika suka kora saboda Furotesta ne, sai ga shi Furotesta ma sun juya masa baya.

A 1615 aka zargi mahaifiyarsa da maita a garin Leonberg, a zamanin da ake ƙona waɗanda aka kama da wannan zargi. An kama ta a watan Agusta, 1620, ta haura shekara saba'in, ta yi wata goma sha huɗu a tsare cikin sarƙa. Kepler ya ajiye aikinsa ya tafi ya tsaya mata. Ya bi zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya, yana nuna inda shaidu suka saɓa wa juna, yana kuma kawo sababin cututtukan da aka ce ita ta jefa wa mutane. An nuna wa tsohuwar kayan azabtarwa don ta amsa laifi, ta ƙi. Aka sake ta a watan Oktoba, 1621, ta rasu bayan wata shida.

Duk wannan yana faruwa ne ana cikin Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya ɓarke a 1618. A 1626 manoma masu tawaye suka yi wa Linz ƙawanya, maɗaba'ar da take buga aikinsa ta ƙone. Ya kwashi takardunsa ya tafi Ulm, inda a 1627 ya buga jadawalin taurarin da aka sa wa sunan Sarki Rudolf, da kuɗin aljihunsa. Jadawalin ya haɗa awon Tycho da ƙa'idojin Kepler, ya kuma ba masu amfani da shi damar sanin inda kowace duniya za ta kasance a kowace rana.

11.0 Rasuwarsa da Abin da ya Bari

A 1628 ya koma garin Sagan ƙarƙashin Wallenstein, babban kwamandan sojan sarki. Fadar sarki ta daɗe tana riƙe da bashin albashinsa na shekaru. A ƙarshen 1630 ya hau doki ya nufi Regensburg, inda manyan daular suke taro, da fatar karɓar hakkinsa. Zazzaɓi ya kama shi bayan isarsa, ya rasu ranar 15 ga Nuwamba, 1630, yana da shekara 58. Bayan 'yan shekaru yaƙi ya shafe maƙabartar, har yau ba a san inda kabarinsa yake ba.

A zamaninsa ba kowa ya yarda da shi ba, Galileo kansa bai bar da'ira ba har ya rasu. Amma Kepler ya yi hasashen cewa ranar 7 ga Nuwamba, 1631, Uɗaridu zai gitta ta gaban rana. A wannan rana Pierre Gassendi ya ga ɗigon baƙi yana ratsa fuskar rana daga birnin Paris, saɓanin lokacin bai wuce 'yan sa'o'i ba. Kepler ya yi zaton wani ƙarfi mai kama da na maganaɗisu ne yake fitowa daga rana yana tura duniyoyi, a nan kuma bai dace ba. Isaac Newton na Ingila ne ya nuna a 1687 cewa ƙa'idojin uku suna fitowa ne daga ƙarfin jan da ke tsakanin rana da duniyoyi, wanda yake raguwa gwargwadon nisa. Da waɗannan ƙa'idoji ake lissafin tafiyar taurarin ɗan'Adam a yau. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta sa sunansa ga wani madubin hangen nesa da ta harba a 2009, wanda kafin ya daina aiki a 2018 ya gano duniyoyi fiye da 2,600 masu kewaya wasu taurari.

12.0 Kammalawa

An ga yadda yaro mai raunin gani, ɗan gidan da ba shi da hali, ya samu karatu ta hanyar tallafi da kulawar malami guda, ya kuma kai ga warware matsalar da ta daɗe tana gagarar masana. Ba ƙwarewa a aji ta ɗaukaka shi ba, domin ajinsa watsewa ya yi. Abin da ya bambanta shi shi ne, da daƙiƙa takwas suka saɓa wa abin da yake ƙauna, awon ya bi. Malamin da zai tsaya gaban yara yana fuskantar irin wannan zaɓi a ƙaramin mataki. Amsar da ta ce nisan rana ne yake kawo hunturu tana da sauƙin faɗa da sauƙin haddacewa, yaro kuma zai riƙe ta har girmansa idan daga bakin malaminsa ya ji ta. Turaku biyu da igiya da tsinke sun isa a nuna masa siffar falaki, kalandar bango kuma ta isa ya ƙirga kwana 186 da 179 da hannunsa.

Auna Fahimta

1. Kawo matsaloli uku da Kepler ya fuskanta a ƙuruciyarsa, ka bayyana yadda ya samu damar yin karatu.
2. Mece ce daƙiƙa a ma'aunin kusurwa, kuma me ya sa Kepler bai yi watsi da saɓanin daƙiƙa takwas ba?
3. Bayyana ƙa'idar Kepler ta farko da ta biyu cikin kalmominka, tare da misali daga rayuwar yau da kullum.
4. Tsara gajeren darasi ga 'yan aji shida na firamare wanda zai nuna musu cewa ba nisan rana ne yake kawo hunturu ba.